A Mayar wa Amatullahi da Furarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Garkuwar Hanji, sarkin yaƙi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, wanda motarsa mai lasifika ba ta fashin kasuwar Daura.

Bayan gaisuwa irin ta jahili ga masani, ni ne mahaifin Amatullahi, 'yar shekara shida mai lalurar galahanga. Ba ta cika magana ba, kuma abinci ɗaya ta amince da shi a duniya: fura da nonon da Inna Kulu ke kawowa kullum da hantsi. Kwana tara ke nan da wakilinku ya sayar wa mahaifiyarta kwalbarku ta maganin hanji. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Na karanta binciken da lasifikarku ke kafa hujja da shi. Masanan cewa suka yi mai yiwuwa akwai alaƙa tsakanin ƙwayoyin hanji da galahanga, wasu gwaje-gwajen ma a jikin ɓeraye aka yi. A wane shingen kwastan aka ƙwace "mai yiwuwa", har labarin ya iso Daura a matsayin waraka cikin kwana arba'in?

Na biyu. Wasu masanan na ganin cin abinci iri ɗaya ne ke sauya hanjin mai lalurar, ba hanjin ne ya kawo lalurar ba. Akuya ce ta cinye muku wannan shafin?

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Wakilinku ya haramta wa yarinyar nono, wai cike yake da ƙwayoyi. Ranka ya daɗe, na duba jikin kwalbarku: dangin ƙwayoyin da ke sa madara tsami kuke sayarwa. Kun kori na ƙwarya, kun shigo da 'yan uwansu masu hatimi. Laifin na Inna Kulu rashin rajista ne?

Tun ranar, ruwa da gutsuren biskit kawai ke shiga cikinta. Da hantsi takan zauna a zaure tana kallon hanya. Siket ɗinta sai an ɗame shi da fil. Wakilinku ya ce alama ce ƙwayoyin banza suna mutuwa. Madalla. To ita da ke ɗauke da su fa?

Mahaifiyarta ba sakarya ba ce. Tsoro take kada ta karya kwana arba'in ɗin, ta zama ita ta hana 'yarta magana har abada. Ku kuka dasa wannan tsoron, kuma ta fi yarda da hatiminku a kan bakina.

Don haka ina roƙon alfarmar layi ɗaya, da sa hannunka mai albarka, cewa kwalbarku ba ta warkar da galahanga. In bai iso ba kafin hantsin gobe, a gafarce ni, zan dama furar da kaina, in ɗauki laifin, yarinya ta ƙoshi.

Naka mai biyayya, da shi da duk ƙwayoyin cikinsa,

Mahdi Audi,
Daura.