Hamsin da Shida da Sha Biyu

"Lafiya lau, sai dai kin makara, Sukundireba. Tun hantsi nake baza ido."

"To ai ga ni, Tsoho. Ina majinyaciyar?"

Majinyaciyar dai tsohuwar kwamfuta ce, fara a da, yanzu ta koma kalar haƙoran mai ita. Tsoho ya yi shekara talatin yana aikin akawu, kuma ya haƙiƙance shi ya fara shigo da intanet unguwarsu. Ba wanda ya taɓa yi masa musu, don ba mai lokacin. Jikarsa kuwa gyaran kwamfuta ce sana'arta, shi ya sa ya laƙaba mata Sukundireba. Kwana biyu ke nan kwamfutar tana ƙas-ƙas daga ciki, ta yi minti goma ta ɗauke. A cikinta hotunan marigayiya matarsa suke, da muryarta da ya taɓa ɗauka, kuma babu su ko'ina sai nan. Tsoro ne fal cikinsa, shi ya sa bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kar ki taɓa min ita da hannun nan naki na fasa kwano. Na gama shiri." Ya jawo wani ɗan akwati mai ƙura daga ƙarƙashin tebur. "Ga modem, na'urar da muke shiga intanet da ita a da. Jona shi a wayar girke mu tura miki kayan."

"Wace wayar girke? Wadda aka yanke tun ina firamare? Ai a igiyarta kake shanya singileti."

"Bar zancen shanya. Karanta jikinsa, gudunsa hamsin da shida. Ramin filashin da kike taƙama da shi fa, nawa littafin kwamfutar ya ce?"

"Sha biyu."

"To a makarantar da kika yi, sha biyu ce gaba da hamsin da shida? A kira min malamanki su ba ni haƙuri."

"Tsoho, sa tabarau. Naka dubu hamsin da shida ne a daƙiƙa, nawa miliyan sha biyu. Kai cokali kake ƙirgawa, ni bokiti. Na ninka ka sau ɗari biyu har da ɗoriya."

"Ƙarya kike, 'yar bakin tsiya."

"Kayan nan giga biyu ne. Da modem ɗinka kwana uku za mu yi da 'yan awanni, in ba wanda ya ɗaga waya ke nan."

"Kwana uku har wani abu ne? Mu hoto ɗaya muke zama mu jira ya sauko, daga hula zuwa gira, kafin ya kai gemu mun sha shayi mun wanke kofi. Ku me kuka sani a haƙuri?"

"Shi ya sa kuka tsufa da wuri, a gaban allo kuka yi furfura."

Ana cikin haka kwamfutar ta yi ƙas, ƙas, allon ya yi baƙi. Tsoho ya dafa tebur.

"Ta tafi ke nan?" Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Ba ta tafi ba, suma ta yi. Amma nawa ramin ma ba zai fisshe mu ba. Kusan rabin awa yake nema, ita kuma minti goma take iyawa."

"Ashe bokitin naki ma a huje yake."

"A huje yake. Matsa min."

Ta kwance murfin, ta zare wani kebul mai faɗi kamar bel, ta ciro faifan ajiya a hankali. Ta jona shi da laftof ɗinta ta wata 'yar mahaɗa da ta fito da ita daga jaka.

"Wannan miliyan ɗari huɗu da tamanin ne a takarda. In faifan ya daure, minti uku ya ishe mu."

Tsoho ya kafe allon laftof ɗin da ido. Faifan ya yi ƙas sau biyu, koren layi yana rarrafe a allo, har dai ya kai ƙarshe. Ta danna muryar marigayiya.

"Malam, ka bar gwajin makirfon nan, ka kashe min abin nan mai kukan ɗan akuya. 'Yarka tana asibiti tun safe, wataƙila ta haihu ana ta kira layi a toshe."

Sai ga muryar Tsoho, sabuwa gar: "Saura kaɗan, hoton ya kai hanci."

Sukundireba ta juyo a hankali. "Wace 'yar?"

"Uwarki."

"Wato ranar da aka haife ni ke nan."

"Awa biyu ana kira," ya ce, yana kallon silin.

"Na iso duniya a kan lokaci, ka bar ni awa biyu ina jira a bayan hancin wani ƙato. Kuma yau kai ne mai cewa na makara?"

Dariya ta ƙwace masa har da tari, hawaye na bin gemunsa, bai kuma damu ya ɓoye ba. Ya tura mata modem ɗin da ƙurarsa.

"Ɗauki, na ba ki kyauta. Ke da kakarki kun haɗe min kai, na sallama." Ya jawo kujerarsa kusa da laftof. "Amma sake kunna min ita tukuna, ta ƙara yi min faɗan."