Rasuwar Tsohuwar Fuskar Kwamfutar Malam Tasi'u

Da zuciya mai ɗaci, cike fal da baƙin ciki, ni Tasi'u mai buga takardu a Sabon Garin Wudil nake sanar da rasuwar tsohuwar fuskar kwamfutata, wato teburin nan da ke bayyana a allo in an kunna ta. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, bayan shekara goma sha uku tana hidima.

Marigayiyar 'yar tsohon gidan GTK ce, kayan ginin da ake ƙera tagogi da maɓallan manhajoji da su. Ba ta san ƙyale-ƙyale ba. Jerin ayyuka a sama ta hagu, agogo ta dama, haruffa manya saboda idona da ya fara rauni. Da safe takan gaishe ni da "tirin-tin". In na yi kuskure ta ce "ƙwan" sau ɗaya, ba gori. Da ita na buga wa manoman Achika takardun gona, da ita na rubuta wa Hajiya Turai ta Lajawa wasiƙar neman fanshon mijinta har ya fito.

Jinyarta ta soma ne da sababbin manhajoji suka daina karɓar jikinta, amma ko rana ɗaya ba ta kwanta ba. Surukina Ja'afar, wanda ya karanta kwamfuta, ya zo dubiya ya ce zamaninta ya wuce, in zaɓa tsakanin sabon gidan GTK da gidan Qt, wani kayan ginin daban. Na ce na zaɓi wadda nake da ita. Na fita sayo tawada, na dawo na tarar ya goge ta, ya zuba wata mai sheƙi da komai nata a ɓoye yake.

"Baba, kwana biyu za ka saba," in ji shi.

Washegari Juma'a, ranar kasuwa, mutum tara suka tsaya kaina ina laluben maɓallin bugawa. Shida suka tsallaka titi wajen Isyaku, abokin sana'ata, kuma ba su dawo ba.

Ta bar firinta wadda ta ƙi amsa kiran baƙuwar, da kibod mai ƙ da ɗ da ɓ waɗanda yanzu ba sa fitowa, da ni, ɗan shekara sittin da ɗaya da aka mayar ɗan koyo a shagonsa.

Za a naɗe faifan da ta zo a ciki da farin ƙyalle, a rufe shi a aljihun tebur na ƙasa ranar Asabar bayan La'asar. Zaman makoki kwana uku a shago, tunda dai ba ciniki. Ja'afar na iya zuwa gaisuwa albarkacin 'yata Sharifa, amma an ajiye masa benci a waje.