Ranar da na yi wa golan Isa addu'a

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da shekarar da ruwa ya ɗauke mana a Sabon Birni, kuma ba yunwar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin ya faro ne daga wata 'yar ƙara cikin rumbu: dum, dum. Na ce ɓera ne, sai kuma na tuna ko ɓera ya san babu abin da ya rage a ciki. Ina leƙawa na tarar da ɗana na fari (ba zan rubuta sunansa ba, kun san al'ada) yana ɓoye ƙwallo.

Nan na yi masa wa'azi mai tsawo. Na ce ƙwallo wasan ƙoshi ne. Yaro ya yi ta gudu a rana ya dawo ya shanye rabin randa, alhali ƙafafuna sun san nisan rijiyar da ta rage da ruwa. Wannan huɗubar na yi ta a gidan suna, na yi ta a bakin rijiya, har mata suka fara turo mini 'ya'yansu in yi musu faɗa.

Abin da ba su sani ba, ni ma ina da ra'ayi a kan ƙwallo. In maigida ya kunna rediyo a zaure, nakan matso da tankaɗe kusa da ƙofa. Na daɗe da yanke hukunci cewa babu wanda ake zalunta a duniya kamar gola: ƙatti su yi ta shirme a gaba, in an ci sai a ce shi ne. (Mun yi wasanni a sakandare, ba a jahilce nake magana ba.)

To, gonar bayan gidanmu gero ya tsiro ya ƙone, yara suka mayar da ita fili. Wata Juma'a bayan la'asar sai ga yaran garin Isa a bayan mota, sun zo karawa da namu. Yarona ya sulale. Na ce bari in hau turmi in leƙa ta saman darni, don kawai in tabbatar da laifinsa. Ina nan tsaye, muciya a hannu, sai na ji Gwaggo, uwar mijina, ta jawo kujera 'yar tsugunne tana buɗa kara da yatsa.

"Mi kike kallo, Hadiza?"

"Hadari nike dubawa, Gwaggo."

"Hadari ƙasa shike? Matsa in gani."

Wasa ya yi zafi, babu wanda ya ci. Golan Isa wani ɗan siriri ne, riga ta yi masa yawa, silifas ya saka a hannu maimakon safar hannu. Duk faɗuwar da ya yi a busasshiyar ƙasar nan sai in ji ta a haƙarƙarina. Ana dab da tashi aka kayar da wani namu, alƙali ya busa fenareti. Wa aka miƙa wa ƙwallon? Ɗana.

Ku fahimce ni. Bakina yana neman abin faɗi. Amma ɗan fari ne, ga kakarsa a gindin turmi. Ni da ko sunansa ban taɓa kira a gabanta ba, in buɗe baki in yi masa kirari? Gara ƙasa ta tsage. Sai idona ya faɗa kan ɗan siririn golan nan, fili ya yi tsit. Ban san lokacin da murya ta kuɓuce mini ba:

"Ya Allah ka dubi ɗan mutane! Allah ba shi sa'a shi kama!"

Yarona ya san muryar da ke tashinsa sallar asuba. Ya waigo, ya gan ni, ya buga wani sanyin ƙwallo kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Gola ya rungume abinsa.

Duk filin ya juyo. Ga kaina a saman darni, ɗankwali ya zame, muciya a sama. Ga maigida cikin 'yan kallo. Ga matan da nake yi wa wa'azi, ashe su ma suna leƙe ta nasu darnin. Wani tsoho ya ce, "Malam Umaru, ashe matarka mutunniyar Isa ta?" Gwaggo kuwa dariya ta yi har da tari. "Ke ɗiyar nan, kunya anka ce ki ji, ba a ce ki kashe shi ba!"

Ban gama saukowa ba sai ga yaran Isa a ƙofar gida suna tafi suna "Allah shi saka ma Inna!" Golan ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce ko akwai ruwa. Na ba shi. (Me zan yi? Ɗan mutane ne.) Sauran ma suka jeru. Randar da nake yi wa gadi tun safe ta ƙare a cikin abokan gaba.

Da magariba yarona ya ƙi tuwo, ya juya mini baya. Wannan ya fi dariyar gari ciwo. Na zauna kusa da shi, na rasa ta inda zan fara, daga ƙarshe na shiga rumbu da kaina na ɗauko ƙwallon na ajiye a gabansa. Sai ya jawo kwanon tuwon. Tun ranar na koyi cewa in kunya ta hana ni yabon nawa, to in rufe bakin gaba ɗaya, kuma in bar turmi ga daka.

Ƙanwarsa Luba, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, tana ta kallona tana lasar yatsa. Can ta matso ta dafa gwiwata.

"Inna, tunda addu'arki na ci nan take, mi ya sa ba ki roƙa muna ruwa ba?"