Ranar da Na Kare Kafilin Kawu

Ina shekara ta uku a karatun shari'a a Riyad lokacin da Kawu Sule, direban wani kamfanin gini a unguwar Shifa, ya ce in raka shi ofishin ƙwadago. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Saudiyya, ya hana shi kuɗin sallama, iƙamarsa, takardar izinin zama, kuma ta kusa ƙarewa. Ya ce ya taɓa kai ƙara, har an ba shi takarda mai hatimi.

Ban nemi ganin takardar ba. Jin hatimi kawai, na ɗauka nasara ce. Na shige laburare na haddace hukunce-hukuncen kotunan tarayyar Amurka kan haƙƙin ma'aikata. Ni da ko farashin shayi nake jin kunyar tambaya, na miƙe gaban jami'i da Larabcin littafi, na tabbatar masa cewa hukuncin farko kan hurumi yana ɗaure duk ƙarar da ta biyo baya.

Ya saurare ni a gajiye, sannan ya buɗe fayil. "Hukuncin farko cewa ya yi ba mu da hurumi, saboda an rubuta kawunka direban gida, ba na kamfani ba. Da na yi niyyar sake dubawa tunda an gyara, amma ka gamsar da ni."

Wakilin kafili da ke zaune gefe ya miƙo mini hannu.

A mota Kawu ya ce, "Ɗana, nawa ya biya ka?"

Sai da ya yi watanni yana zarya kafin a saurare shi, ba tare da ni ba. Har yau in na shiga majalisar su Kawu, sai wani ya gyara zama: "Ku ba lauyan kafili wuri."