Zinariyar Amarya a Yatsan Ango

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka dakatar da ɗaurin aurena a Paris saboda zobe. Kuma zoben nan ni na zaɓe shi da kaina, bayan na gama raina wa kowa wayo.

A lokacin ina zaune a Villeurbanne, ina aiki a Lyon, ban daɗe da gama karatun injiniya ba, kaina ya kumbura har hula ba ta shiga. Nafisa kuwa, wadda zan aura, tana Paris wajen kawunta Alhaji Mamman, ɗan kasuwa mutumin Maradi, wanda shi ne waliyyinta tunda mahaifinta ya rasu. A ƙasar nan sai an fara zuwa meri, wato ofishin magajin gari, an sa hannu, sannan a ɗaura na addini. A merin ne ake sa wa juna zobe, ni kuma na ɗauki zancen zoben nan da zafi kamar shi ne auren.

Nafisa ta ce abin ba wuya, ita ta sa jar zinariya irin ta mata, ni in sa azurfa, tunda namiji musulmi ba ya sa zinariya. Na yi mata kallon tausayi. Na ce wannan ai ƙauyanci ne, hannu biyu a hoto ɗaya, wannan ja wancan fari, sai ka ce a tashar mota muka haɗu. Zoben aure iri ɗaya ake yi, in ji ni. (Wa ya gaya mini? Ba kowa. Hotunan bikin abokan aikina na gani a waya, mutanen da wasunsu sun rabu tun kafin mai hoto ya gama wanke hotunan.)

Ta ce, "To, yi yadda ka gani, monsieur l'ingénieur, babban injiniya."

Ni ko a jikina. Na je wani shagon zobba a Lyon na zayyana musu dabarata: nata a yi shi da farar zinariya, nawa da azurfa, a goge su su yi fari ɗaya, faɗi ɗaya, ba dutse ba zane, yadda ko maƙerin da ya ƙera su sai ya sa gilashi kafin ya bambanta. Matar shagon ta gwada yatsana, ta dubi awon Nafisa, ta ce kusan ɗaya ne, ko za a rubuta sunayenmu a ciki? Na ce a'a, ai ba kwanon ɗan makaranta ba ne. (A nan dole in faɗi gaskiya game da yatsuna. Sirara ne kamar tsinken tsire, sai dai kowanne da ƙatuwar gaɓa a tsakiya.)

Labari ya kai kunnen Alhaji. Da na je gaishe shi, bayan an gama gaisuwa, ya gyara zama ya ce, "Na ji ana zancen zobba iri guda. Yaro, ka ji ni da kyau. Ba ni ba da ɗiyata ga namijin da ke sa zinariya."

Mai hankali sai ya ce to, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai da na yi masa lacca a kan yadda ake haɗa farar zinariya, na rufe da cewa, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, ai ƙarfe fannina ne." Na fito ina dariyarsa a zuci, wai tsoho bai san inda duniya ta kai ba.

Ranar biki da safe muka cika meri. Abokina Sani, shi ne abokin ango, ya miƙo zobban a faranti ɗaya, suna ƙyalli, ba ka ce ga na wane. Na ji daɗi har cikin raina. Na ɗauki ɗaya na zura wa Nafisa, ya shige sulul. Ita ma ta ɗauki ɗayan, ya zo gaɓa ya tsaya cak. Ta ɗago ta dube ni, kallon da ya kamata in gane. Na ce mata ƙasa-ƙasa, ina murmushi saboda masu hoto, "Tura mana, ana kallonmu." Ta tura da ƙarfinta. Ya wuce. Aka tafa.

Daga nan muka nufi zauren da aka kama kusa da Porte de la Chapelle, maza gefe guda, mata gefe guda, za a yi azahar a ɗaura aure. Tun a mota yatsan ya fara zugi, na ce wa Sani zafin gari ne. Wajen alwala na zo juya zoben don ruwa ya shiga, ya ce bai san zancen ba. Yatsan ya kumbura ya yi tim, ya fara duhu. A nan na gane abin da na yi. Zinariyar Nafisa ce a hannuna, ga shi zan je in zauna gaban mutumin da ya faɗa mini sharaɗinsa baki da baki.

Sai na yi abin da matsoraci ke yi. Na cusa hannun cikin babbar riga, na ce in an shafa fatiha ma ji da sauran.

Liman ya gyara murya ke nan, sai ga Hajiya Rabi, ƙanwar Alhaji, a bakin ƙofa. Hajiya Rabi ba ta iya raɗa ba, in ta yi magana a Paris ana jin ta a Maradi. Ta ɗaga zobe sama ta ce, "Salamu alaikum, ku gafarce ni. Wanga abu sai faɗuwa yake daga hannun amarya. Ta ce na ango ne. A ce mishi ya maido mata zinariyarta."

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Miƙo hannun."

Na miƙa.

"Ingénieur, mi ne ne wanga?"

"Alhaji, kuskure ne, une petite confusion..."

Ya juya wajen liman ya ce, "Malam, a dakata. Sai an raba shi da kayan mata."

Wallahi tsoro na ji na gaske. Na san Alhaji, in ya tashi daga tabarmar nan ba lallai ya dawo ba, kuma ba wanda zai ɗaura aure ba waliyyi. Aka kawo sabulu, ya ƙi. Aka kawo man gyaɗa, ya ƙi. Sani ya kama yana ja yana cewa, "Mon frère, ɗan'uwa, ka saki jikinka," kamar da jikin nake riƙe shi. 'Yan kasuwar da nake wucewa ina yi musu gaisuwar rainin hankali duk suka zagaye ni, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana su yanke zoben. Saƙo ya dawo daga ɓangaren mata cewa amarya ta ce a yanke yatsan dai, zoben nata ne.

Hajiya Rabi ta ja tsaki ta fita, ta dawo da kwanon miyar kuɓewa da aka yi don tuwon baƙi. Ta dire shi gabana ta ce, "Sa hannunka."

Haka na durƙusa cikin shaddata mai aiki, gaban liman da surukai da wayoyin samari a sama, na tsoma hannu cikin miya har wuyan hannu. Ta kama yatsan ta murɗa ba tausayi, na yi ƙara irin wadda ango bai kamata ya yi ba, zoben ya sulluɓe ya nutse a kwano. Da ludayi aka kamo shi.

Alhaji ya dubi yatsana, ya dubi fuskata. Sannan ya ce, "A wanke a kai ma mai shi. Malam, bismillah."

Aka ɗaura. Na shafa fatiha ina warin daddawa, hannuna ba zobe ko ɗaya, don nawa ma ya ƙi shiga kumburarren yatsan. Sai a jirgin ƙasa, muna hanyar Lyon, Nafisa ta dubi hannuna ta fashe da dariya har fasinjoji suna waiwaye.

Yanzu in na ji saurayi yana kumfar baki wai dole zobensa da na amaryarsa su zama iri ɗaya, ba na musu da shi. Shawara ɗaya nake ba shi, ita ce wadda na koya a durƙushe: in za ka haɗa abin da ba wanda zai iya bambantawa, ka tuna kai ma kana cikin mutanen, kuma hannunka ne a kusa.