Alhajin Kashi na Biyu

A majalisarmu ta Ƙaraye ni ne alƙalin fina-finai. In na ce fim ya yi, to ya yi. Da na je gaida surukina a Rogo, na tura masa wani sabon fim a waya, na sunkuyar da kai na ce, "Baba, Alhajin da ke ciki, wallahi halinku ɗaya."

Kashi na ɗaya kawai na kalla, inda Alhajin ya gina masallaci. A kashi na biyu, wanda surukina ya tara iyalinsa suka kalla, ashe shi ne ubangidan ɓarayin shanu.

Bai yi faɗa ba. Amma har yau, in na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya lau. Shanun naku dai kuna ɗaure su da kyau ko?"