Ranar da Na Gwada Makunnin Kwamfutar Mota

Da na saya wa motata ƙaramar kwamfuta, mai gyaran wayoyin mota ya ce in kawo ya haɗa mini makunni a dashbod. Na ce ai waya biyu ce kacal. Na haɗa da kaina, na naɗe da salatif.

A kasuwar kifi ta Kado na ce wa matata, "Maman Amira, zo ki ga aiki." Ina dannawa sai hayaƙi ya turnuƙe motar. Ban san sanda na tsallake titi ba, ita kuwa tana ciki ɗaure da bel.

Ashe hayaƙin mai gasa kifi ne ya shigo ta taga. Alhamdu lillahi, kwamfuta ta kama lafiya ƙalau.

Har yau, da na kai hannu kan makunnin sai ta ce, "Injiniya, dakata in fara sauka."